Ceph da VM a sabar ɗaya: dabara ce ko ganganci?

Tsohon Injiniya: Jama'a, ni dai ra'ayina bai canza ba. Ɗora Ceph (manhajar da ke haɗa diskokin sabobi da yawa su zama ma'ajiya ɗaya) da VM (kwamfutocin da manhaja ke kwaikwaya a cikin sabar) tare a kan sabar ɗaya ganganci ne. Taura biyu ba ta taunuwa. Ranar da sabar ɗaya ta mutu, VM ɗinta za su koma kan sauran, kuma bayan minti 10 Ceph zai fara sake kwafar bayanan da ke kanta. Ayyuka biyu masu nauyi kenan a lokaci guda, kan injinan da suka riga suka ragu.

'Yar Linux: Yallabai, da girmamawa, ganganci ya yi yawa. Proxmox, manhajar gudanar da VM, da kansa ya zo da Ceph a ciki don a yi hakan, Nutanix da vSAN na VMware ma a kan wannan tsari aka gina su. Wanda yake da sabar uku kacal, ina zai samo wasu ukun na ajiya zalla?

Sabon Shiga: Ni na ɗauka ma ya fi sauri, tunda diskin yana cikin injin da VM ɗin yake.

'Yar Linux: A'a ƙanena, Ceph ba ya aiki haka. Yana yayyanka bayanai ya warwatsa su a dukkan sabobin, kowane yanki kwafi uku. In ka yi rubutu, sai kwafi ukun sun sauka kafin VM ya samu amsa. Don haka netwok ne ke yanke hukunci, shi ya sa ake cewa kada gudunsa ya yi ƙasa da 10G.

Tsohon Injiniya: To kin ga kin kawo kanki. Kuma ba mu zo kan RAM ba. Kowane diski yana da OSD ɗinsa, wato manhajar Ceph da ke kula da shi, kowane OSD yana neman kusan 4GB in ba a taɓa saitinsa ba, lokacin farfaɗowa (sake kwafar bayanan da aka rasa) yakan wuce haka. Diski shida, 24GB sun tafi. Mutum zai ga 128GB ya rabar wa VM har 120, sai wata rana Linux ya rasa wuri ya kashe OSD. Na ga an yi.

'Yar Linux: Wannan ai rashin lissafi ne. Ka cire kason Ceph tukuna, ka bar gurbin VM ɗin sabar ɗaya, abin da ya rage shi ne naka.

Mai Gadin Dare: Ku duka kun tsallake abin da ya fi cizo. Corosync, wanda sabobin Proxmox ke jin numfashin juna da shi, ba ya jure jinkiri ko kaɗan. In yana kan waya ɗaya da Ceph, farfaɗowa ta cika wayar, sabar lafiyayya sai ta ɗauka an yanke ta daga sauran, ta sake kunna kanta in HA (tsarin da ke tayar da VM a wata sabar in tasu ta faɗi) na aiki. Yanzu biyu ne a ƙasa. Kwafi ya gaza biyu, rubutu ya tsaya, duk VM sun daskare.

'Yar Linux: Gaskiya ne, amma maganinsa waya ɗaya ce ta daban, ko 1G ta isa.

Tsohon Injiniya: To ga wata. Sabar uku, kwafi uku, kowace da diski biyu, kowane diski ya cika kashi 60. Diski ɗaya ya mutu. Ceph ba zai ajiye kwafi biyu a sabar ɗaya ba, don haka dole bayanan su koma kan ɗan'uwansa na cikin injin. 60 da 60 nawa? Ba za su shiga ba. Kuma in diski ya kai kashi 95, rubutu ya tsaya cak.

'Yar Linux: Wannan ko sabobin ajiya zalla ne, haka zai same su, Yallabai. Matsalar ƙarancin diski ce. A sa ƙanana huɗu maimakon manya biyu.

Tsohon Injiniya: Na yarda da wannan. Amma ranar da ajiya ta cika alhali CPU na zaune, sai kin sayi sabar sukutum?

'Yar Linux: Sai in ƙara diski, ko in kawo sabar da OSD kawai za ta ɗauka. Ceph bai hana ba.

Sabon Shiga: Ni sabar biyu gare ni. Zan iya farawa?

Mai Gadin Dare: Da Ceph? Kada ka soma. Ceph sai da rinjayen ƙuri'un sabobin yake aiki: ɗaya ta faɗi, babu rinjaye, komai ya tsaya. Duba kwafin ZFS (wani tsarin ajiya da ke iya tura kwafi daga sabar zuwa sabar) tsakanin biyun, ka ƙara ƙaramar kwamfuta ta uku don ƙuri'a kawai.