Tambayar Ɗaliba a Darasin Taron Berlin: Yadda Muke Koyar da Tarihi da Adabi a Makarantun Ikilisiya

Malamar tarihi, Jos:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Makon jiya ina koyar da taron Berlin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka tsara yadda za su kasa Afirka a tsakaninsu, sai wata yarinya mai shekara 15 ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko 'yan mishan da 'yan mulkin mallaka jirgi ɗaya suka hau. Na ba ta amsa, amma har na koma gida zuciyata ba ta kwanta da abin da na faɗa ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa haɗuwa da irin wannan su gaya mini yadda suka yi.

Tsohon malami, Zariya:
'Yata, na sha wannan tambaya kafin in yi ritaya, kuma abin da ya fi taimakona shi ne jera musu shekaru a kan allo. 'Yan mishan Gowans da Kent da Bingham sun iso ƙasar nan a 1893, shekara 10 kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, kuma biyu daga cikinsu sun rasu cikin 1894 ba tare da wani soja a bayansu ba. Bayan an kafa mulki, gwamnatin Turawan da kanta ta taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi. Duk da haka ban taɓa ɓoye musu cewa Likita Miller, wanda ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ya fito da Hausa a 1932, yana da kusanci da Lugga, gwamnan Turawan mulkin mallaka, ba. Yaron da ya gano daga baya cewa malaminsa ya rufe masa rabin labari yakan yi shakkar sauran rabin, har da abin da aka koya masa ran Lahadi.

Malamar adabi, Kafanchan:
Baba ya yi gaskiya. Ni a littafin Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, na ga haka. Da muka zo inda Nwoye ya bi masu wa'azi, ajin ya ɗauka da tafi, sai na sa kowa ya rubuta abin da ke ran mahaifinsa Okonkwo a wannan dare. Wani yaro mai yawan shiru ya miƙo mini takarda shafi biyu, ashe labarin kakansa ne da aka kora daga gida ranar da aka yi masa baftisma, kuma uwarsa ta riƙa kai masa tuwo a ɓoye bayan rumbu. Ranar nan suka fahimci abin da ya ci wa kakanninsu kafin bishara ta zama gadonsu.

Fasto, Gombe:
Ina da ɗan saɓani da ku. Bangaskiyar matashi kamar dashe ce, ba a fara ta da guguwa. Nakan soma da Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kuɓutar daga jirgin bayi a 1822 ya zama bishop a 1864, da Wilberforce, ɗan majalisar Ingila da ya yaƙi cinikin bayi, da dokar hana cinikin bayi ta 1807 a Ingila. Sai sun tsaya da ƙafarsu nake faɗa musu cewa akwai masu zuwa sujada da suka mallaki bayi.

Malamar tarihi, Jos:
Na gode Baba, na gode Fasto da 'yar'uwata. Ran Litinin zan rubuta shekarun nan a allo, in fara da Crowther, sa'an nan in kira yarinyar ta sake yin tambayarta a gaban ajin.