Lesata tana dusashewa da zarar sanyi ya kama, ina matsalar take?

Tambaya

Assalamu alaikum malamaina. Muna son fito da bayanai daga firijin kwamfutar kwantam ta zaren haske maimakon wayar koaks, tunda kowace wayar ƙarfe zafi take shigowa da shi daga waje. Na ɗaura lesar VCSEL (ƙaramar lesa mai fitar da haske ta saman guntunta) ta kasuwa, mai tsawon zangon haske nanomita 850, a farantin firijin da ke kelvin 4, wato digiri 4 sama da iyakar sanyi. A zafin ɗaki lafiya lau take. Da aka fara sanyayawa sai hasken ya riƙa dusashewa, wajen kelvin 80 ya kusa ɗaukewa, bolt ɗin da take ja kuma ya haura. Da firijin ya ɗumama ta dawo garau. Lalacewa ta yi, ko ni ne ban iya ɗaurawa ba?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam. Tunda ta dawo, ba ta lalace ba. An ƙera ta ne don zafin ɗakin sabobi, kai kuma ka kai ta inda ba a yi ta dominsa ba.

Abu biyu ne dole su haɗu a cikin VCSEL: launin da rijiyoyin kwantam, wato siraran shimfiɗun da ke samar da hasken, suka fi ƙarfafawa, da launin da kogon da ke tsakanin madubai biyu ya yarda da shi. Sanyi yana jan su duka zuwa gajeren zango, amma ba da gudu ɗaya ba. A kusa da zafin ɗaki, na rijiyoyin yana matsawa kusan nanomita 0.3 a kowane kelvin, na kogon kuwa kusan 0.06. Giɓin makamashin GaAs, sinadarin da aka yi rijiyoyin da shi, yana tashi yayin sanyaya daga eV (elektaron-bolt) 1.42 zuwa 1.52, wato daga wajen nanomita 870 zuwa 816, alhali kogon bai matsa fiye da goma sha wani abu ba. Ka ga an rabu. Ƙari a kan haka, masu ƙera ta kasuwa da gangan suke ajiye ƙarfin rijiyoyin a gajeren ɓangare don ya daidaita idan ta yi zafi, don haka sanyi ƙara nisanta su yake yi.

Lesar da aka ƙera don sanyi akasin haka ake yi mata: a zafin ɗaki ƙarfinta yana dogon ɓangare, har ka ɗauka maras kyau ce, sai ta sauka sannan ta hau daidai. Irin wannan ce rukunin Milton Feng na Jami'ar Illinois a Amurka suka aika bayanai da ita a ƙasa da kelvin 3.

Hawan bolt kuma daga madubin sama ne, mai nau'in p, wato ɓangaren da caji mai alamar ƙari ke gudana. Shimfiɗu ne da dama, kowace mahaɗa tana da ɗan shingen da zafi ke taimaka wa caji ya tsallake. Babu zafi, turjiya ta hau.

Amsa ta biyu

Bayanin Malam mai amsa ta farko daidai ne, amma kada ka yanke hukunci kafin ka duba zaren. Daga zafin ɗaki zuwa kelvin 4, jan ƙarfe yana tsukewa da kusan kashi 0.33 cikin ɗari, alminiyam 0.41, gilashin zaren kuwa kusan ba ya motsi. Maɗauri mai tsawon santimita 1 na jan ƙarfe zai ragu da maikromita 30 da 'yan kai. Zaren haske nau'in OM4, cikinsa inda haske ke bi maikromita 50 ne kacal. Lesar tana iya ci gaba da haskawa, hasken ne ba ya shiga.

Ga yadda za ka bambance. Ka auna karant da bolt da haske a kowane kelvin 20 yayin sauka. Idan karant ɗin da take fara haskawa a kansa bai canja sosai ba amma hasken ya ragu, zaren ne ya goce. Idan karant ɗin farawa ne ke ta hawa, maganar Malam ce. Sau da yawa duka biyun ne.

Ka cire rigar roba daga zaren a cikin firijin, sanyi yana sa ta matse shi. Manne zaren da gam ɗin Stycast 2850FT, ɗigo kaɗan, a kewaye daidai, kada a jibga gefe ɗaya. Ƙasan maɗaurin ka shafa man Apiezon N ko ka sa ganyen ƙarfen indiyam don zafi ya wuce, in ba haka ba farantin ne kawai ke kelvin 4, lesar ta fi shi zafi.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai. To idan na samu ta sanyi, zan iya saukar da ita kusa da kubit, ƙwayar lissafin kwamfutar kwantam, don wayar ta gajarta?

Amsa ta uku

A'a, ɗan'uwa, kada ma ka gwada. Yi lissafi: miliamfiya 2 sau bolt 2.5, miliwat 5 ke nan. Farantin kelvin 4 yana iya kwashe wat 1 zuwa 1.5, don haka can babu damuwa. Farantin milikelvin 20, inda kubit yake, kuwa maikrowat goma sha ne zuwa ashirin iyakarsa. Lesa ɗaya ta ninka haka sau ɗaruruwa.

Ko a kelvin 4 ma ka kula da hasken da ke ɓallewa. Foton, wato ƙwayar haske, na nanomita 850 yana ɗauke da eV 1.46, abin da ke raba tagwayen elektaron a alminiyam ɗin da ake yin kubit da shi kuwa bai kai rabin milieV ba. Ɗaya ya faɗa kan guntun kubit, sai ka ga T1, wato tsawon lokacin da kubit ke riƙe makamashinsa, ya faɗi ka rasa dalili. Ka rufe lesar a akwatin ƙarfe da ba ya yoyon haske, ka sa matatar Eccosorb a wayoyin da ke sauka, ka auna T1 da lesar a kashe da kuma a kunne.

Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne direba, wato da'irar da ke tuƙa lesar. Siginar SFQ, wato da'irar lissafi mai aiki a tsananin sanyi, milibolt kaɗan ce, lesar kuma ɗaruruwan milibolt take so. Amfilifaya mai taranzista nau'in HEMT ko SiGe da za ta cike wannan giɓi takan ci wuta fiye da lesar kanta, don haka ita za ka fara lissafawa.

Kuma wace hanya bayanan za su bi? In shiga ne, ba ka buƙatar lesa a ciki sam: a 2021 masu bincike na NIST, hukumar ma'aunai ta Amurka, a garin Boulder sun bar lesar a waje, suka sa fotodayod mai mayar da haske lantarki a ƙasan firijin, suka sarrafa kubit da ita. In fita ne, kamar yadda ka ce, ka fara gwada sabuwar a ruwan naitirojin, kelvin 77, kafin ka ɓata kwana biyu kana jiran firiji ya sauka.