Yaya mai jinyar gigin tsufa za ta kula da lafiyarta?

Tambaya daga Ƙofar Sauri, Katsina:
Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu tana fama da gigin tsufa, kuma ni kaɗai nake jinyarta. Da zarar magariba ta gabato sai ta ɗaure kayanta ta ce za ta koma gidan iyayenta, da dare kuwa ba na runtsawa don tsoron kada ta fice. Jikina ya fara gazawa. Ina neman shawararku.

Amsa daga Daura:
'Yar'uwa, Allah ya ba ki lada. Ki tara 'yan'uwanki, maza da mata, ku raba kwanakin jinya, domin haƙƙin uwa yana kan kowa, kuma neman hutu ba rashin biyayya ba ne.

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya:
Rikicewar yamma sananniya ce a wannan lalura, musamman cutar Alzheimer, wadda ita ce ta fi haddasa ta. Ki kunna fitila tun kafin duhu, kada ki yi gardama da Hajiya, ki ba ta tsintar wake ko ninke zannuwa har hankalinta ya kwanta. Ki ɗaura ƙararrawa a ƙofa don ki samu barci, sannan ke ma ki je a auna miki hawan jini.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Zan kira yayyena ranar Juma'a, in sha Allah.