Yaya za mu hana masu sankarar bakin mahaifa yanke magani tsakanin Maraɗi da Yamai?

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya da 'yan sa-kai. Muna rakiyar matan karkara daga Dakoro, Mayahi da Madarunfa, kuma mun cije a wuri guda.

Gwajin farko mai sauƙi ne: ungozoma ta shafa ruwan asid asetik na kashi 5 cikin 100 a bakin mahaifa, bayan minti ɗaya wurin da ya yi fari ya bayyana. Wahalar tana farawa in ciwon ya yi nisa, aka tura mace Yamai, sama da kilomita 600, don gashi da na'ura, wato ƙona ƙwayoyin ciwon da haske mai ƙarfi (radiotherapy). Gashin nan kwana biyar ne a mako, har mako biyar ko fiye, kuma tsallake ranaku yana ba ƙwayoyin ciwon damar farfaɗowa. Yawancin matan kuwa sun daɗe suna zubar da jini, sai a auna a tarar ya yi ƙasa, a ɗage farawa har a ƙara musu. Kafin nan guzuri ya ƙare, mai jinya ya ce damina ta faɗi, gona na jira. Su dawo gida, sai maganin gargajiya. Abin na ci mana rai ƙwarai.

Shin ya fi a auna jinin, a ƙara shi nan Maraɗi, kuma kwana nawa kafin tafiya? Masu masauki a Yamai, yaya kuke raba kuɗin haya da abinci? Da wane lafazi kuke shawo kan maigida ya amince da dogon zaman, ba tare da ya ji an tsallake shi ba? Allah ya saka da alheri.