Shin yarjejeniyar Ottawa ta shafi bama-baman da ake binnewa a Borno?

Modu_Gwange:
Assalamu alaikum. Na san Najeriya ta shiga yarjejeniyar haramta nakiyoyin da ake ɗana wa mutane tun 2001. To bama-baman haɗin gida da 'yan Boko Haram ke binnewa a gonaki da hanyoyin Borno, Yobe da Adamawa fa, suna ciki? Ko sai nakiyar da aka ƙera a masana'anta?

Malam Sani Lauya:
Wa alaikumus salam Malam Modu. Suna ciki. Yarjejeniyar ba ruwanta da inda aka ƙera abu, abin da ke tayar da shi take dubawa. Muddin taku ko taɓawa ko kusantar mutum ne ke sa shi fashewa, to ya shiga haramcin, ko da a jarka aka haɗa shi. Wanda aka yi don mota kaɗai, ko wanda wani ke danna masa maɓalli daga nesa, ba ya ciki.

An buɗe rattaba hannu kan yarjejeniyar a Ottawa, babban birnin Kanada, a Disamba 1997, ta fara aiki 1 ga Maris 1999. Sashe na 4 ya ba ƙasa shekara 4 ta lalata abin da ke rumbunta. Sashe na 5 ya ba ta shekara 10 ta tsabtace duk filin da ke ƙarƙashin ikonta, ko wa ya binne. Idan ba ta gama ba sai ta nemi ƙarin wa'adi, kamar yadda Nijar ta sha yi saboda nakiyoyin da ke binne a Madama, wani sansanin soja a arewacin ƙasar.

Hajiya Falmata:
Ranka ya daɗe, a takarda haka ne, amma aikin a ƙasa da wuya. Mai kwance nakiya layi yake bi mai faɗin mita ɗaya. Sai ya laluba ko akwai wayar tarko, ya sassabe ciyawa, ya bi da na'urar gano ƙarfe. Duk inda ta yi ƙara, ya durƙusa ya soka tsinke a karkace, kamar digiri 30, don ya taɓa gefen nakiyar ba samanta ba. Zurfin da aka saba tantancewa santimita 13 ne. Jan fenti haɗari, fari an share.

Abin da ke cin lokaci shi ne ƙusa da gwangwani da kwanson harsashi, kowanne sai an tona shi kamar nakiya ce. Jar ƙasa mai marmara ma tana rikita na'urar. Ga ambaliya, wadda ke kwashe nakiya daga inda taswira ta nuna ta kai ta wani wuri. Kuma ba a tura ma'aikata inda ake faɗa har yanzu, shi ya sa a yankinmu aka fi ƙarfi a wayar da kan manoma da yara masu neman itace da ƙarafa.

Issoufou_Diffa:
Ni abin da ke damuna shi ne Amurka, Rasha, Sin, Indiya da Pakistan ba su taɓa shiga ba. A 2025 kuma Poland, Finland, Estoniya, Latbiya da Lituweniya suka sanar da ficewa saboda fargabar Rasha. Amma Mozambik, da aka yi zaton ba za ta gama ba, ta sanar da kammala sharar filayenta a 2015. Malam Sani, ficewar nan take take aiki?

Malam Sani Lauya:
A'a, sai bayan wata 6 da miƙa takarda. Idan kuma wa'adin ya cika ƙasar tana cikin yaƙi, ficewar ba ta aiki sai yaƙin ya ƙare.