In buga littafin zanena ko in fara sa shi a waya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan ina zana wani labarin barkwanci mai ƙagaggen kimiyya. 'Yan SS2 ne su uku, wani abu ya faɗo daga sama bayan makarantarsu, kowa ya tashi da baiwa, sai dai baiwar duk ta wahala ce. Ɗaya yana ɓacewa, amma sai ya yi atishawa. Na biyu yana jin maganar dabbobi, amma awaki kaɗai, su kuwa ba su da zance sai dusa. Yarinyar cikinsu tana cajin waya da tafin hannu, don haka da an ɗauke wuta layi ake yi a zaurensu, ba ta ma samun sukunin ceton duniya.

Na gama shafi 22 masu launi. Mai buga littafin da na je wurinsa ya ce 22 ba za ta yiwu ba, kuma kuɗin da ya faɗa ya fi ƙarfina. Ga shi duk inda na rubuta ƙ ko ɗ a cikin kumfar magana sai wani ɗan akwati ya fito. In ci bashi in buga, ko yaya?

Mai aikin ɗab'i: Wa alaikumus salam. Ƙanena, gaskiya ya faɗa maka. Takarda ɗaya ake ninkewa ta ba da shafi 4, a ɗinke tsakiya da waya, shi ya sa lissafin ke tafiya huɗu-huɗu. Ko ka ƙara biyu ya zama 24, ko ka yanke biyu. Launi ne ya kai kuɗin sama. Yi cikin baƙi da fari, bango kawai ka sa wa launi, ai haka 'yan Japan ke buga mafi yawan nasu kuma duniya na rububi. In ka nace sai launi, mai da aikin CMYK, wato tsarin launukan injin ɗab'i, a 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, tun a gida, in ba haka ba jan da ka gani a waya zai fito kamar manja ya kwana.

Wata mai karatu: Bashi kuma? A'a, Malam. Wa ya san ka tukuna? Comic Republic, kamfanin littattafan zane da aka kafa a Legas a 2013, kyauta suka riƙa sakin nasu a intanet har mutane suka san jarumansu. Webtoon, manhajar karanta labaran zane a waya, na da sashen Canvas da kowa ke iya ɗora aikinsa ba ko sisi. Amma fa sai ka sake yanka zanen, domin can sama ake ja da yatsa, ba buɗe shafi ake yi ba. A littafi, wurin dariya bayan shafi ake ɓoye shi. A waya kuwa sai ka bar fili fari kafin akuyar ta buɗe baki.

Mai aikin ɗab'i: Hajiya, a waya ana danna alamar so ne a wuce, ba ta sayen ko fensir. Yaron da ya riƙe littafi a hannu shi ke ara wa ajinsu duka.

Wata mai karatu: Ai ka faɗa da bakinka, Alhaji. Kwafi ɗaya, aji guda.

Malamar Hausa: Ɗana, ni akwatin nan ya fi damuna. Samfurin harafin da ka zaɓa ne ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Kada ka ce bari in sa k kawai a wuce wurin: jarumi zai ce "na ceci ƙasa", mai karatu ya ga kasa, wato maciji. Nemi Andika ko Noto Sans, kyauta ne kuma suna da ƙ, ɗ da ɓ. Ko ka rubuta da hannunka, ya ma fi dacewa da barkwanci.

Sannan na karanta shafuka ukun da ka turo. Zanen ya yi, amma bakin yaran ba namu ba ne, kamar fim ɗin da aka juya. Ka mai da samarin nan biyu taubasai ka ga yadda tsokana za ta zo da kanta. Kuma ina iyaye? Yarinyar da za ta fita yaƙi da baƙin sama bayan magariba, ai mahaifiyarta ce dodon farko.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Mama, maganar magariba ta sa ni dariya ni kaɗai, tuni na fara zana uwar tsaye a bakin ƙofa da muciya. Zan sa shafi 8 na farko a waya in ga abin da za a ce. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kada wani ya kwashe ya ce nasa ne.

Ɗalibin lauya: Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare aikinka tun daga ranar da ka zana shi, ba sai ka yi rajista ba. Adana zanen fensir na asali da kwanan wata, ka sa hannu a gefen kowane shafi. Lambar ISBN kuma, wato lambar shaidar littafi, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, sai ranar da za ka buga. Yanzu dai turo mana shafin akuyar.