RAV4 a gwanjon Amurka: in saya ko in haƙura?

Mai_Neman_Mota:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai Toyota RAV4 ƙirar 2015 a gwanjon Copart, kamfanin da ke gwanjon motocin haɗari, tana wani fili a jihar Florida. Takardarta "salvage" ce, bugu a gaba, an rubuta tana tashi tana tafiya, ta ci mil 92,000. A hoto dai bamba da bonet da fitila ɗaya ne suka lalace, kuma kuɗin bai kai rabin na lafiyayya ba. Me ya kamata in bincika kafin in taya? RoRo, wato jirgin da ake tuƙa mota a shigar da ita, ya fi ko kwantena? Wani kuma ya ce in nemi ta Japan don sun fi tsabta, amma mu sitiyarin hagu muke tuƙawa. Masu sani a taimaka.

Ɗan_Gwanjo:
Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye hoton tukuna, ka kwafi lambar VIN, wato lambar shasin motar. Haruffa da lambobi 17 ne, babu I, O ko Q a ciki. Na goma shi ne shekarar ƙira: F ke nufin 2015, in ka ga E to 2014 ce. Na farko kuma ƙasar da aka haɗa ta, wannan RAV4 ɗin ko dai 2 ka gani, wato Kanada, ko J, Japan. Da lambar ka sayi rahoton tarihin motar daga Carfax ko AutoCheck, ka duba ko mil ɗin yana hawa a jere shekara bayan shekara, ko akwai inda ya koma baya. Shafin NICB, cibiyar yaƙi da zambar inshora ta Amurka, kyauta ne, yana nuna rahoton sata. Bayan nan ka saka lambar a Google haka kawai. Sau da yawa tsofaffin hotuna kan fito daga gwanjon baya, motar ta yi raga-raga, wani ya saya ya rufa mata asiri da bamba da bonet ya dawo da ita fili. Wannan shi ne tarkon da ya fi cin baƙi.

Kalmar "salvage" ita kaɗai ba abin tsoro ba ce. Ma'anarta kamfanin inshora ya ga kuɗin gyara ya kusa ko ya zarce ƙimar motar, kuma da yake ladan makanike a Amurka yana da tsada, ƙaramin bugu kan isa a yafe tsohuwar mota. Abin dubawa shi ne zurfin bugun. Jakar iska ta sitiyari ko ta dashbod ta fashe? Bel ɗin kujera ya ƙage? Tayar gaba tana tsakiyar gurbinta, ko ta ja baya ta kusa taɓa ƙofa? Tazarar ƙofa da gefen bodi ɗaya ce hagu da dama? In ƙarafan shasi biyu da ke gefen inji sun lanƙwashe, ko an miƙe su motar za ta riƙa cin taya gefe ɗaya, kuma ba za ta kare ka a bugu na biyu ba.

"Run and Drive" kuwa, wato "tana tashi tana tafiya" da ka ga an rubuta, yana nufin ranar da ta shigo fili ta tashi, ta shiga giya, ta matsa gaba. Shi ke nan. Ba shaida ba ce cewa inji ko giya lafiya suke.

Florida ce ta fi damuna. Guguwar Ian a 2022, da Helene da Milton a 2024, sun nutsar da motoci masu yawa a ruwan gishiri, kuma ba kowacce ce aka rubuta wa ambaliya a takarda ba. Gishiri yana cin wayoyi da mahaɗansu a hankali, sai bayan watanni fitilun dashbod su fara kunna kansu. Ka biya mai duba mota mai zaman kansa ya je filin. Ya ɗaga kafet, ya leƙa ramin sifiya, ya duba tsatsa a layin kujeru, ya zaro sandar baƙin mai ya ga ko ya yi fari kamar madara.

Mai_Fito:
Ɗan_Gwanjo ya gama da motar, bari in taɓa takardu. Tun kafin ka taya, nemi dokar ƙasarka a rubuce daga kwastan: iyakar shekaru, gefen sitiyari, da ko ana karɓar motar da aka yi haɗari da ita. Kenya, misali, ba ta karɓar wadda ta haura shekara takwas. Ka tambaya daga ina ake ƙirgawa, don mota ƙirar 2015 tana iya zama an haɗa ta a ƙarshen 2014. Wata da shekarar suna jikin takardar da ke manne a ƙofar direba.

Kwastan na Amurka suna son asalin takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin a fitar da mota. Wadda aka rubuta mata rasit kawai, ko takardarta ba ta iso ba, ka bar ta.

Lissafinka kada ya tsaya a kuɗin tayi. Akwai ladan gwanjo, ladan dillali in jihar ba ta barin mara lasisi ya taya, kuɗin ajiya in ka makara wajen ɗauka, jan motar zuwa tasha, jirgi, inshora, kuɗin fito, cajin tasha, ejan, sannan gyara. Kwastan a ƙasashe da yawa suna da nasu ƙiyasin, ba ruwansu da cewa ka saye ta da araha.

RoRo ya fi sauƙin kuɗi, amma dole motar ta tashi, ta juya, ta kama birki, ba ta zubar da mai ko ruwa. Mai bugun gaba sau da yawa lagiretonta ya fashe, sai a ƙi ta ko a ƙara kuɗi. Ba a sa kaya a ciki, kuma makulli yana jiki duk tafiyar. Ga wannan motar kwantena na zaɓa: ana rufewa da hatimi, kuma za ka iya cusa bamba, fitila da lagireto a ciki, amma a rubuta su a takardar kaya, in ba haka ba tara ce. Matsalarta, kwantena mai ƙafa 40 tana ɗaukar mota uku zuwa huɗu, to in takardun mutum ɗaya suka sami tangarɗa kowa ya jira, kuɗin jinkiri na hawa kullum bayan kwanakin kyauta sun ƙare.

Takardar jirgi ka karanta ta harafi-harafi kafin a buga ta ƙarshe. Kuskure ɗaya a VIN ko a sunanka na iya zaunar da mota makonni. Inshora kuma kada ka yi mata rowa. Jirgin Felicity Ace ya kama wuta a Fabrairun 2022 kusa da tsibiran Azores, daga baya ya nutse da motoci kusan 4,000. Akwai ma tsohuwar ƙa'idar teku: in aka yi asara don ceton jirgi, duk mai kaya a ciki sai ya ba da kasonsa kafin a sakar masa nasa, ko da kayansa ba su ji komai ba.

Hajiya_Dila:
Maganar Japan gaskiya ce rabi. Binciken dole da suke kira shaken, bayan shekara uku sannan duk shekara biyu, yana sa ana kula da mota, kuma takardar gwanjonsu tana da bayani: daraja 4 zuwa sama mai kyau ce, R an taɓa gyaran haɗari, XX an canza ɓangaren bodi. Amma sitiyarinsu a dama yake, juya shi kuma ɓata mota ne: a yanke bango, a ƙara wayoyi, jakar iska ta tashi daga aiki. Ban da haka, wannan ƙirar RAV4 ta 2013 zuwa 2018 ba a ma sayar da ita a kasuwar Japan ba. In kana son ta hagu wadda ba ta Amurka ba, Koriya ta Kudu da Jamus ake dubawa.

Bakanike_2AR:
In har ta iso, ga aikin makon farko. Mil 92,000 kusan kilomita 148,000 ne, kada lambar ta ruɗe ka. Injinta 2AR-FE ne, lita 2.5, sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, to wannan kan ka huta. Baƙin mai 0W-20, wajen lita 4.4 tare da filta. Man giya Toyota WS kaɗai. Giyar ba ta da sandar awo, ana daidaita shi ne ta ƙasa a wani zafi na musamman, saboda haka ba aikin kowa ba ne. In ka ji tana ɗan karkarwa a matsakaicin gudu da ƙafa kaɗan a kan totur, daga giya ne, an san wasu na waɗannan shekarun da hakan. Ruwan lagireto mai launin hoda na Toyota, ba ruwan famfo ba. Kuma don Allah kada a cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, wai don zafi: inji sai ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta yi ta ƙara masa fetur.

Taya ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikinta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida a canza, ko da zanenta bai ci ba. A sa na'urar OBD, wadda ke karanta laifuka daga kwamfutar mota, kafin a taɓa komai. In fitilar jakar iska ba ta kunnuwa ko kaɗan lokacin da aka murɗa makulli, an kashe ta ne don ɓoye laifi. Akwai kuma kiranyen da Toyota ta yi a 2023 kan RAV4 na 2013 zuwa 2018: batirin da bai cika gurbinsa ba yana iya zamewa ya taɓa maɗaurinsa ya ta da wuta. Ka saka VIN a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, ka ga ko an yi gyaran.

Mai_Neman_Mota:
Allah Ya saka da alheri. Na ciro rahoton. An sayar da ita a gwanjo wata biyar da suka wuce, a hotunan lokacin jakunkunan iska biyu a fashe suke, yanzu kuma sitiyari da dashbod sumul. Akwai sauran magana?

Ɗan_Gwanjo:
Babu, Malam. Wanda ya gyara ciki ya bar waje a buge so yake ka ɗauka bugun ƙarami ne, kuma ba za ka san ko akwai jaka a bayan murfin ba sai an kwance. Cire ta daga jerinka. A bincike na gaba ka nemi wadda kamfanin inshora ne da kansa ke sayarwa, wadda wannan ne zuwanta gwanjo na farko, kuma makullinta yana nan.